Wayar da Hamma ya bari a kulle

Adda ta iso gidana a unguwar Limawa cikin Jimeta da la'asar sakaliya, ƙafafunta sun kumbura har silifas ba ya shiga, 'yarta a goye, babu jaka babu ƙunshi. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A gidanmu Adda muke ce wa babbar ya kamar yadda Fulanin Yola suke faɗa, duk da kakanmu baduku ne da ya zo daga Kano da fatunsa ya zauna. Aure ne ya kai ta wani gari a gindin duwatsu, can gaba da Mubi, kuma a shekarar da aka yi ta gudu garinsu na cikin waɗanda aka shiga da rana tsaka. Ta yi tafiyar ƙasa, ta ratsa ta Kamaru, ta samu motar kayan gwari ta kawo ta tasha.

Na kawo mata ruwa a kofin silba. Ba ta ko dube shi ba. Ta kwance bakin zaninta ta fito da wata babbar waya baƙa, ta ce, "Kuna da wuta?"

Na ce babu, tun jiya aka ɗauke.

"To wa ke da janareto a layin nan?"

Wayar ta mijinta ce, wanda muke kira Hamma. Malamin gona ne, dogo, mai magana a hankali, irin mutanen da sai sun karanta takardar magani gaba da baya kafin su sha. Ranar da harbi ya tashi, ya raka Adda da yarinyar har bayan gari, sannan ya ce zai koma ya ɗauko mahaifiyarsa, tsohuwa ce da ba ta iya tafiya, gidanta kuma yana can ɗaya gefen. Ƙaramar wayar Adda ta baro ta a madafi. Sai ya danƙa mata tasa ya ce, "Riƙe wannan. Zan ari ta wani in kira ki a kai." Ya juya da gudu. A cikin wannan ruɗani bai faɗa mata yadda ake buɗewa ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Dalilin kullewar ba wani sirri ba ne tsakaninsu. An taɓa sace masa waya ranar kasuwa, ɓarawon ya yi ta aika wa manoma da 'yan uwa saƙo da sunansa cewa yana asibiti, a taimaka. Kunyar abin ta daɗe tana cin sa. Da ya sayi sabuwa, babu kullen da bai sa mata ba. Akwai zanen da ake ja da yatsa a kan ɗigo tara, wanda muke kira fatan. Akwai lambar sirri a kan sim, wadda wayar ke tambaya duk lokacin da aka kashe ta aka kunna. Akwai kuma wani kullen da ya ɗaure wayar da imel ɗinsa, wanda a lokacin ba mu ma san da shi ba. Adda ta ce sau ɗaya ya taɓa kiran ta ya nuna mata zanen, tana tsakiyar tuƙin tuwo, ta ce masa, "Me zan yi da ita? Tawa ta ishe ni."

Abin da ta sani shi ne, waya ko a kulle take ana iya amsa kira idan ya shigo. Kuma ta sha ganin Hamma yana danna lambobi idan ya kunna ta da safe, don haka ta gane cewa ranar da wayar ta mutu, layin ya tafi ke nan. A hanya, wasu na roƙon abinci, ita caji take roƙo. Wani mai kanti ya ba ta, direban motar gwari ma ya ba ta.

Maƙwabciyata malama ce a makarantar da nake koyarwa, Kirista ce 'yar wajen Numan, kowa Madam yake ce mata. Tana da ƙaramin janareto saboda firij ɗin da take sayar da zoɓo da ƙanƙara. Ita ma a lokacin falonta cike yake da mutanen cocinsu da suka gudo. Na kai mata wayar, na yi mata bayani a tsaye. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce da irin Hausarta, "Kawo shi, Malama. Ko mai ya kusa ƙarewa, zan cire firij in bar wayan."

Haka muka shiga wata irin rayuwa da ban taɓa tunanin waya za ta sa mutum a ciki ba. Duk wanda ya zauna a Jimeta ya san wutarmu. Idan aka kawo, kafin a kunna fanka, kafin a jona komai, wayar Hamma ake fara jonawa. Idan aka ɗauke, sai gidan Madam. Idan mai ya gagara, sai rumfar masu caji a bakin titi, Adda ta zauna a benci ta tsare ta har ta cika, don ba ta yarda ta bar ta a cikin tarin wayoyin mutane. Da ita take kwana, da ita take tashi. Idan za ta yi wanka, a leda take sa ta ta rataye a ƙusan ƙofar banɗaki.

Kuma wayar tana ƙara, abin da ya fi gajiyar da mu ke nan. A makonnin farko kullum sai ta yi. Da ta fara, sai ka ga Adda ta zabura, gidan duka ya yi tsit, har yara su daina tauna. Ta kara a kunne. Sai mu ji ta ce, "A'a, matarsa ce. Mu ma ba mu ji ba. Kai kana ina? Allah Ya tsare." Manoma ne da suka warwatsu, wani yana Gombe, wani yana sansani a Kamaru, wani abokin aikinsa ne, kowa yana tambayar Malam. Ta ajiye, ta koma ta zauna. Mu ma mu ci gaba da cin abinci ba tare da mun haɗa ido ba.

Wata ranar Laraba tana sallar azahar, tana cikin sujada, wayar ta yi ƙara a kan tabarma kusa da ita. Ina makaranta, maigidana yana ofis, babu babba a gidan. Ta ce ta yi jim, zuciyarta ta rabu, ta katse ko ta ƙarasa. Ta ƙarasa raka'ar a gaggauce, ta yi sallama, kafin hannunta ya kai wayar ta yi shiru. A fuskar wayar sai wata 'yar alama a sama da ke nuna an kira ba a ɗauka ba. Babu suna, babu lamba. Lambar tana ciki, a bayan ɗigo taran nan.

Na dawo na same ta zaune a inda ta yi sallar, ba ta ko naɗe dardumar ba.

"Duk wanda ya kira zai sake kira," na ce.

"Idan aron waya ya yi fa? Idan mai wayar ya karɓe abarsa ya wuce?"

Wanda ya kira bai sake kira ba, ko kuma ya sake ba mu gane shi ne ba. Har yau Adda ba ta daina ambaton wannan azahar ba.

Daga ranar ta fara gwada zanen. Ta ɗaga wayar ta karkata ta a hasken rana ko za ta ga sawun yatsansa a gilashin, amma gumin tafiya da bakin zani sun daɗe da goge shi. Ta ja harafin farko na sunanta, na sunan yarinyar, na sunansa, na sunan garinsu. Idan ta yi kuskure da yawa sai wayar ta ƙi karɓa, ta ce a jira. Ta jira, ta sake. Maigidana, wanda ya ɗan fi mu sanin waɗannan abubuwa, ya ce mata ta yi hankali, wasu wayoyin idan aka matsa musu rufewa suke yi gaba ɗaya. Ta daina a gabansa. Amma nakan shigo ɗaki in ga yatsanta yana yawo a iska a saman gilashin, bai taɓa ba, tana gwadawa a zuci.

Sannan tashin hankalin ya iso mu ma. Aka yi fashewa a Jimeta, aka sake yi, gari ya cika da shinge da bincike. Mace mai hijabi ta zama abin tsoro, mu da kanmu muna kallon juna a keke. Wata rana na ja Adda kasuwa don ta ɗan ga mutane, mu sayo wa yarinyar takalmi. A ƙofa masu bincike suna shafa wa kowa na'ura. Na'urar ta yi ƙara a ƙugun Adda. Ta kwance zani ta fito da wayar. Wani matashi a cikinsu ya dubi wayar, ya dubi tsohon hijabin da na ba ta da fasassun dugaduganta.

"Buɗe," ya ce.

"Ban san yadda ake buɗewa ba."

"Wayarki ce ba ki san buɗewa ba?"

"Ta maigidana ce."

"Yana ina?"

Bai jira amsa ba, ya karɓe wayar daga hannunta. Na ji mutanen da ke bayanmu a layi suna ja da baya, wata mata ta fizgi ɗanta ta yi gefe. Kafin in ankara an bar mu mu biyu a tsakiyar fili. Na ciro katin makarantarmu ina ta magana, ban ma san me nake faɗa ba. Sai babbansu ya taso daga kan kujera, mutum mai furfura, ya tambayi Adda sunan garinsu. Da ta faɗa, ya tambaye ta ta wace hanya suka fito. Ta faɗa masa rafin da suka ƙetara da ƙauyen da suka kwana. Ya jinjina kai, ya karɓi wayar daga hannun matashin ya miƙa mata.

"Hajiya, ki riƙa barin ta a gida," ya ce. "Ba ko'ina za ki samu wanda ya san rafin nan ba."

Ba ta bar ta a gida ba. Kasuwar ta daina zuwa.

Wayar ta mutu a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Yola ke sa kwalta ta yi laushi. Ba sakaci aka yi ba. A jone take a gidan Madam, batir ya kusa cika, zafin kwano da na caji suka haɗu, ta kashe kanta. Madam ce ta kawo ta da kanta, ba ta aiko yaro ba, idanunta sun yi ja. Muka bar ta ta huce, maigidana ya kunna. Ta kawo haske, ta yi 'yar waƙarta, sannan ta nemi lambar sim. Ya gwada lambar da sababbin layuka ke zuwa da ita, ta ƙi. Ya gwada shekarar haihuwar yarinyar, ta ƙi. Zai yi na uku, wanda idan ya kuskure sim ɗin ya rufe ke nan, Adda ta riƙe masa hannun riga, abin da ba ta taɓa yi ba.

Washegari muka je ofishin kamfanin layin. Yarinyar da ke kan tebur ta saurare mu har ƙarshe, ba ta katse mu ba, kuma na ga abin ya taɓa ta. Ta ce doka ce, don kare mai layi daga masu sace lamba. Ko dai mai layin ya zo da kansa ya ɗora yatsa, ko a kawo takardar kotu da ke nuna ya rasu, da shaidar cewa Adda matarsa ce.

"Ni ban ce ya rasu ba," in ji Adda.

"Na gane, Mama. Amma ba ni da wata hanya."

"Idan ya kira yanzu me zai ji?"

Ma'aikaciyar ta sunkuyar da kai. "Za a ce masa a kashe take."

Muka fito. A cikin keke Adda ba ta yi kuka ba. Ta dai jingina kanta da ƙarfe, ta yi barci kafin mu kai gida, bakinta a buɗe, irin barcin da ban ga ta yi ba tun zuwanta. Na ce wa mai keken ya ƙara zagayawa.

Bayan damina aka ce mana akwai wani mutumin garinsu yana aikin lambu a bakin tafkin Njuwa, wai ya ga Hamma a ranar. Muka je. Muka same shi a cikin kwamin alayyafo da yakuwa, ƙafafunsa cikin taɓo, wani mai gona ya ɗauke shi ban ruwa. Ya gane Adda tun daga nesa, ya ajiye bokiti, ya durƙusa suka gaisa doguwar gaisuwa. Ya ce gaskiya ne, ya ga Malam da tsohuwa a bayansa, ya ɗaure ta da rawani, yana gangarawa wajen rafi. Ya ce ya yi masa magana, Malam ya ce ya wuce, yana tafe.

"Daga nan fa?" Adda ta tambaya.

"Daga nan aka fara harbi ta wannan gefen, kowa ya yi ta kansa. Wallahi ban waiwaya ba. Na ga tafiyarsa, ban ga ƙarshensa ba. Ba zan faɗa miki abin da ban gani ba."

Ya cika mana leda da ganye, ya rantse sai mun karɓa. Iyakar labarin da muka taɓa samu ke nan.

Shekaru suka yi ta wucewa. Aka ƙwato garin, wasu suka koma. Maigidana ya je ya dubo, ya ce gidan babu rufi, babu ko ƙyalle a ciki. Adda ta ce ba za ta koma ba. Ta kama ɗaki a unguwar Adarawo kusa da wata goggonmu, ta fara dama kunun gyaɗa da safe tana sayarwa a bakin wata makaranta. Malamai sun faɗa mata cewa wa'adin da shari'a ta ɗibar wa matar wanda ya ɓace ya cika, tana iya zuwa gaban alƙali. Ta ce ta ji. Wata rana ni kuma, ban san me ya kai ni ba, na danna lambar Hamma a wayata. Ta shiga. Wata mata ta ɗauka da wani yare na kudu, bayanta ana kiɗa, ta ce ba ta san wanda nake nema ba, sabon layi ne ta saya. Na faɗa wa Adda da yamma. Ta ce ta sani, ita ma ta kira.

Duk da haka ba ta daina cajin wayar ba. Ta cire sim ɗin, don haka wayar tana kunnuwa ta tsaya a kan ɗigo taran. A bayansu akwai hoton da Hamma ya sa, gonar dawa ce ta gwaji, zangarniya sun yi nauyi sun sunkuya. Adda takan kalla ta ce, "Dubi mutumin nan. Bai sa ni ba, bai sa 'yarsa ba, dawa ya sa." Wani lokaci ta yi dariya, wani lokaci a'a.

Maganar hoto ce ta dawo da mu kan wayar. Yarinyar ta girma ba ta san fuskar ubanta ba. Hotunan gidansu sun ƙone. Nawa na bikinsu ruwan Binuwai ya cinye su a shekarar da ambaliya ta shigo mana har ɗaka. Hamma kuma dama shi ne mai ɗauka, ba a cika ɗaukarsa ba. Amma Adda ta san cewa a sallar ƙarshe da suka yi a garin ya ba wani maƙwabci wayar ya ɗauke su su uku a ƙofar gida. Ta faɗa wa yarinyar wannan tun tana ƙarama, don ta kwantar mata da hankali. Yarinyar ta riƙe maganar.

Yanzu ta kusa gama sakandare, doguwa kamar shi. Zamani ya canza, wayoyi sun zama abin farauta a Jimeta. Yara a kan keke suna fizgewa daga hannun mutum yana tsakiyar magana, wani lokaci da wuƙa. Kowa ya kulle tasa, wani da yatsa, wani da fuska. Tawa ma da yatsa take buɗewa, sai dai alli da wanke-wanke sun cinye zanen yatsana, sau da yawa ba ta gane ni sai na goge hannu na sake. Masu gyara kuma sun yawaita, kowa injiniya. Wata ƙawar yarinyar ta faɗa mata akwai wani a kasuwar waya da babu kullen da ya gagare shi. Ta zo ta same ni da maganar, don ta san uwarta ba za ta saurare ta ita kaɗai ba.

"Yapendo," ta ce, haka take kira na, wato ƙanwar uwa, "batirin ya fara kumbura. Idan muka ƙara jira, wata rana ba za ta kunnu ba ma."

Gaskiyarta ce. Bayan wayar ya ɗago kamar burodi. Muka yi ta lallashin Adda har ta yarda.

Injiniyan mutum ne mai ƙiba da tabarau, rumfarsa cike da gawarwakin wayoyi a cikin robobi. Ya juya wayar a hannunsa, ya yi murmushi, ya ce ya daɗe bai ga irinta ba. Ya tambaya ko muna son a goge ta ne a yi amfani da ita. Adda ta ce a'a, abin da ke ciki muke so.

Ya cire tabarau. "Hajiya, ku ne masu wuya. Wanda ya zo da wayar da ba tasa ba, bai damu da cikinta ba, a goge masa kawai yake so, ni kuma korar su nake yi. Mai neman ciki shi ne kullen ke tarewa." Ya ce akwai hanyar da zai bi ta kwamfuta, da sabuwa ce da ba zai ma fara ba, amma tsohuwa ce, wataƙila ta yarda. Sai dai ta tsufa ƙwarai. Idan ta yanke a tsakiyar aiki, tana iya komawa kamar ranar da aka fito da ita daga kwali. "Ba zan ɓoye muku ba. Ko ta buɗe, ko komai ya tafi."

Adda ta dubi 'yarta. "Ubanki ne. Ke za ki faɗa."

Yarinyar ta daɗe tana kallon gonar dawar. Sannan ta ce, "A gwada."

Ya canza batir, ya jona wayar da kwamfuta. Muka zauna a benci. Kusa da mu wani yana gwada lasifika, waƙa ɗaya yake ta maimaitawa. Wani layi kore ya fara tafiya a fuskar kwamfutar a hankali. Ya wuce rabi. Sai wayar ta yi duhu, ta kawo haske da kanta, ta sake yin duhu. Da ta dawo a karo na gaba, babu dawa, babu ɗigo. Farin shafi ne da gaisuwar maraba. Injiniyan ya danna gaba, sai ta rubuta cewa wannan waya tana da mai ita, a sa imel da kalmar sirrin wanda ya kulle ta.

Ya ce mana ya yi iyakar ƙoƙarinsa, kuma na yarda da shi, gumi har ya jiƙa masa riga. Ya ce wannan kullen na ƙarshe yana iya neman hanyar tsallake shi, ko yarinyar ta samu ta riƙa amfani da wayar. Adda ta ce ya bari. Ta karɓa ta sa a jaka, ba a bakin zani ba. Yarinyar ce ta yi kuka, tun daga rumfar har titi, tana cewa ita ta jawo. Uwarta ta ce, "Ke kika ƙone gari? Yi shiru mutane na kallo."

Bayan azumin wannan shekarar Adda ta ce wa maigidana ya raka ta wurin alƙali. Aka yi abin da ake yi. Ta shiga takaba da furfura a kanta, a ɗakinta na Adarawo, aka yi 'yar addu'a, aka raba waina. Mutanen garinsu da ke Yola suka zo, har da mai lambun Njuwa, wanda yanzu yana da nasa kwamin. Wasu matasan unguwa suna tambaya wa ya rasu, aka ce musu mijinta, suka ce ba su san tana da miji ba.

Madam ta yi ritaya ta koma Numan, amma muna waya. Ashe tun da na ba ta labarin abin da ya faru a rumfar injiniya take bin mutane da tambaya. Wani ɗan cocinsu ya taɓa aiki a ofishin gona, ya tuna da wani kwas da aka yi wa malaman gona a Yola shekaru da yawa kafin gudu, an ɗauki hoton taro an rataye a bango. Ya je ya samu hoton yana nan a wani ɗaki da ba a shiga, ya ɗauke shi da wayarsa ta cikin gilashi. Madam ta turo mini da safe, da saƙon murya: "Malama, duba layin baya, hannun hagu. Sun ce shi ne."

Na hau keke na tafi Adarawo. Na same su suna wanke robobin kunu. Muka zauna a bakin ƙofa mu uku, wayata a hannun yarinyar. Maza ne cike da hoton, wasu a zaune wasu a tsaye, hasken taga ya faɗo a kan gilashin ya cinye gefe guda. A layin baya akwai wani dogo, kafaɗar na gabansa ta rufe masa haɓa. Yarinyar ta sa yatsu biyu ta buɗa hoton. Ta ƙara buɗawa. Fuskar ta yi girma, ta watse, ta zama dabbare-dabbaren baƙi da toka. Ta mayar da shi ƙarami, ta sake gwadawa a hankali.

"Dada, shi ne?" ta tambayi uwarta.

Adda ta karɓi wayar, ta nisanta ta da idonta, ta kusanto da ita. Ba ta zo da tabaraunta ba, na ba ta nawa. Ta daɗe.

"Hular dai tasa ce," ta ce. "Ni na saya masa ita."

Yarinyar ta ce in tura mata hoton a wayar ƙawarta, za ta kai a wanke mata shi a kati. Na ce to. Adda ta miƙo mini tabarau, ta tashi tana dafa gwiwa, ta koma kan robobinta, don ruwan da ta tara ya fara hucewa.